Kwalbar Maganin Idon Mama

Ni ce nake sayo kwalbar. Gara in faɗi wannan tun farko, domin na daɗe ina ba da labarin nan ina tsallake wurin.

Duk ƙarshen wata, idan na tashi daga makarantar firamaren da nake koyarwa a Kabong, cikin Jos, sai in biya kemis ɗin bakin titi in karɓi ƙwayoyin ciwon sugan Mama, in ce a haɗa mini da maganin ɗigawa a ido kwalba biyu. Mai kemis ba ya tambayar takardar likita, ni ma ban taɓa sanin ana neman wata takarda ba. Wani lokaci ya ce, "Malama, wancan ya ƙare, amma ga wani sabo, wannan ya fi pawa." In ce ya sa a leda. In hau keke napep zuwa Gada Biyu, in ajiye ledar a kan tabarma kusa da ƙafarta, in gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. Shekara wajen tara muna haka.

Kallon bangon ba fushi ba ne. Ni ce 'yarta ta fari, ita kuwa irin matan da ne, masu kunyar ɗan fari har su koma ga Allah. Ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" ce sunana a bakinta, in kuma da mutane a wurin sai in zama "waccan". Ba ta haɗa ido da ni, ba ta yaba mini, ko zazzaɓi nake yi ina yarinya sai dai ta tura ƙanwarta ta taɓa goshina. Na girma na saba, har ina ba ƙawayena labari muna dariya. Amma sabo daban, jin daɗi daban, kuma ban taɓa jin daɗinsa ba.

Gidanmu na Gada Biyu tsohon gida ne, kakanmu ya gina shi tun lokacin da ya zo aikin kuza. Mama ta tsufa a cikinsa tana sayar da gyararriyar acca. Duk wanda ya taɓa tsince acca ya san aikin ido ne zalla: tsakuwar da ƙwayar kusan girmansu ɗaya, sai mai haƙuri. Matan unguwa sun san accar Mama ba ta ƙaras a haƙori. Bayan accar, an san ta da abu na biyu, wato kwalbar maganin ido da ke zaune a aljihun rigar sanyinta rani da damina.

Ciwon suga ya sa idonta yawan ƙaiƙayi da kwantsa, shi ya sa na fara sayo maganin. Idan ya yi ja ta ɗiga kwana biyu, ya washe, ta daina. Bayan sati ya dawo, ta sake. Daga nan maƙwabta suka gane akwai magani a gidan. Wanda hayaƙin murhu ya shiga wa ido, wanda ya kwana da kwantsa, mai jego, tela, direban keke, duk a zo wurin Mama. Shekarar da aka yi apolo, ciwon jan idon nan mai yaɗuwa, kuwa har layi ake yi a tsakar gida. Ta zaunar da mutum a kan turmi, ta riƙe haɓarsa, ta buɗe fatar idon da babban yatsa, ta kai bakin kwalbar har ya taɓa gashin ido don kada digo ɗaya ya zube a banza, ta ce, "Rufe. Allah ya sawwaƙe." Ba ta karɓar ko sisi. Ina tsaye ina kallo, har wani alfahari nake ji, tunda ni na sayo. Ni kaɗai ce a unguwar ba ta taɓa ɗiga wa ba. In idona ya yi ja sai ta ajiye kwalbar a bakin taga ta ce wa iska, "Ga shi nan in akwai mai so."

Idonta na hagu ne ya fara tafiya. Likitoci suka ce sugan ne ya lalata jijiyoyin can ciki, ba abin da za a yi. Mama ta ce ai da sauran ɗaya, ta ci gaba da tsintar acca da ido guda. Sai na daman ma ya fara yin yana. Na gane ne ranar da wata mata ta dawo da mudu biyu tana ba da haƙuri, wai mijinta ya tauna tsakuwa. Mama ta jawo faifan accar ta kai shi dab da hancinta, ta daɗe a haka, sannan ta ajiye.

Likitar ido da muka samu a asibiti matashiya ce, siririya, da alama ita ma a gajiye take kullum. Ta haska, ta duba, ta ce yanar za ta ciru, kuma bayan idon da sauran rai, in an yi aiki Mama za ta gani daidai gwargwado. Har na fara hamdala. Sai ta sake jawo fatar idon ƙasa, ta ƙara dubawa.

"Mama, wannan kwantsar tun yaushe?"

"Tana zuwa tana tafiya," in ji Mama. "Ina da maganinta."

Ta zaro kwalbar daga aljihu, cike da gadara. Likitar ta karɓa da yatsa biyu, ta juya ta, ta dubi bakin da ya yi dauɗa, ta tambaye ni wa ya rubuta mana. Na ce babu. Ta ce tun yaushe ake sawa. Na faɗa. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ɗauko wani tsinke mai auduga a kai, ta shafo cikin fatar idon Mama, ta sa a kwalbar gwaji, ta ce mu dawo bayan kwana huɗu. Ta ce ido ɗaya ne ya rage, ba za ta sa wuƙa a kai ba sai ta san abin da ke zaune a wurin.

Ranar da muka koma ta juyo mini da takardar sakamakon. Sunayen magunguna ne a jere, kowanne da alama a gabansa. Ni malamar makaranta ce, na san kamannin takardar wanda ya faɗi jarrabawa ko da ban iya karanta darasin ba. Ta bi su da biro ɗaya bayan ɗaya: wannan ba ya kashe ƙwayar cutar, wannan ma haka, wannan ma. Na gane sunaye uku, domin ni na sha sayo su. Can ƙasa ta zagaye guda ɗaya ta ce shi kaɗai ne a cikin na ɗigawa yake da sauran tasiri.

Ta yi mana bayani da Hausarta ta Jos, a hankali. Ta ce kowa yana da ƙwayoyin cuta a fatar ido, amma mai ciwon suga nasa sun fi yawa, jikinsa kuma bai cika iya korarsu ba. Duk lokacin da aka ɗiga magani kwana biyu aka bari, marasa ƙarfin ne suke mutuwa, masu taurin kan su rage su hayayyafa. A yi haka shekara da shekaru, a canza wannan a canza wancan, sai a wayi gari waɗanda suka rage ba maganin da ke ba su tsoro. Ga kuma bakin kwalba da ke yawo daga ido zuwa ido, yana kwaso na wani yana kawowa. "In na yanka yanzu," ta ce, "ɗaya daga cikinsu ya shiga ciki, cikin kwana biyu idon zai iya tafiya, kuma ba ni da abin da zan bi shi da shi."

Mama ta ce, "To ni da nake taimakon mutane?"

"Na sani, Mama. Amma daga yau an daina."

Ta kafa mana sharuɗɗa. Sabon maganin sau huɗu a rana, kwana goma sha huɗu cif, ko idon ya washe ba a tsayawa. Bakin kwalba kada ya taɓa komai. A wanke hannu da sabulu, a goge gefen idon da auduga da ruwan da aka tafasa ya huce. Ba kwalli. Suga ya sauko. Kuma ba Mama za ta riƙa ɗiga wa kanta ba, tunda ba ta ganin bakin kwalbar sai ta dangwala shi a idon. Ta dube ni ta ce, "Anti, ke za ki yi."

Na bar maigidana da yara a gidanmu na Titin Bauchi, na tattaro kaya na dawo ɗakin da na bari tun ina amarya. Damina ce, irin ta Jos, ruwa ba ya gajiya, sanyi har cikin ƙashi. In ɗiga mata bayan sallar asuba, in tafi makaranta, lokacin tara in roƙi abokiyar aikina ta riƙe mini aji in taho a keke in ɗiga na biyu in koma, in dawo la'asar, sannan na huɗu bayan magariba. Tsakanin nan ga dafa mata gwaten acca ba gishiri sosai, ga faɗan shayi, domin Mama ta yarda ta rabu da komai ban da suga cokali biyu a shayin safe. Ƙanena da ke Abuja yana bugo waya kullum yana ba ni shawara. Na ce masa ranar da ya ga dama ya zo ya nuna mini yadda ake yi, tun daga nan ya rage kira.

Duk wannan bai kai wahalar ɗigawar kanta ba. Don a ɗiga wa mutum magani dole ya ɗaga kai ya kalli mai ɗigawa. Mama kuwa shekara arba'in da bakwai ba ta yi wannan ba. In riƙe haɓarta, ta runtse ido gam. In ce ta buɗe, ta buɗe tana karkatar da ƙwayar idon can gefe wajen ƙofa, digon ya sauka a kunci. Ranar farko sai da muka yi asarar digo biyar.

"Mama, ki kalle ni mana."

"Ki dai zuba."

"Ina zan zuba? A kunne?"

Daga baya muka samo dabara: ta riƙa kallon wani ƙusa da ke jikin silin, ni kuma in tsaya ta bayanta. Haka muka yi ta yi, tana kallon ƙusa ina kallon farin idonta. Ban taɓa riƙe fuskar mahaifiyata ba sai a lokacin. Fatarta laushi gare ta fiye da yadda na zata.

Tsofaffin kwalaben na tattara su, har guda goma sha ɗaya na samu, a ƙarƙashin katifa, cikin kwanon goro, cikin aljihun tsofaffin riguna. Na ƙulle a leda na kai wa likitar. Masu zuwa neman a ɗiga musu kuwa ni nake tare su a zaure in ce an daina. Wasu su ce Allah ya ba ta lafiya, wasu su tafi suna ƙunƙuni, wai 'yar boko ta zo ta hana uwarta neman lada. Mama tana ji daga ɗaki. Tun daga nan ta daina amsa sannuna sai da ka.

A kwana na tara idon ya washe tas, ba kwantsa ba ja. Ranar an tashe mu da wuri saboda ruwa, na iso gida kafin azahar. Ina shiga tsakar gida na tarar da Iya a kan turmi. Iya maƙwabciyarmu ce, Bayarabiya mai sayar da atamfa, shekara talatin katanga ɗaya ta raba su da Mama, ita ke kawo mana shinkafar Kirsimeti mu kai mata naman layya. Kanta a ɗage, Mama na tsaye a kanta tana lalube da yatsa, sabuwar kwalbar a hannu, bakin kwalbar dumu-dumu cikin gashin idon Iya.

Ban san lokacin da na yar da jakata a cikin ruwa ba. Na fizge kwalbar. Iya ta miƙe a tsorace tana cewa, "Anti, ka yi haƙuri, ni ne na roƙe shi, small kawai na ce ya sa mini, ido na yana ciwo tun jiya."

Ban ko kalle ta ba. Mama nake kallo. Na tambaye ta sau nawa ta yi. Ta ce wa bango, "Uku ne kawai. Nawa ai ya warke. A bar magani yana zaune mutum na wahala?"

"Shi kaɗai ya rage, Mama! Shi kaɗai! In wannan ma ya daina ci, da me za a yi miki?"

"Shekara nawa ina ɗiga wa mutane, wa ya makance?"

"Ke!" na ce. "Ke ce za ki makance, ki zauna a ɗaki sai an ja ki zuwa bayi!"

Ruwa na ta ƙara a kan kwanon rufi. Iya ta sulale ta fita. Mama ta lalubi bango, ta shiga ɗaki a hankali, ta zauna a bakin gado. Daga can na ji muryarta, ba ƙarfi, ba kuma fushi.

"Ai ban san inda ake sayarwa ba. Kawo mini ake yi."

Ba ta faɗa don ta rama ba, na san halinta, gaskiya kawai ta faɗa. Na zauna a kan turmin da Iya ta tashi, ruwa na dukana, na yi kukan da ban yi ba tun ranar takardar. Shekara tara ina ajiye leda a gaban matar da ba ta iya ce mini sannu, ina ganin wannan ce hanyar da na samu ta nuna mata ƙauna ba tare da na ba ta kunya ba. Ashe abin da nake kawowa ke nan. Na gaji a ranar, gajiyar da barci ba ya maganinta.

Washegari na kai kwalbar asibiti na faɗi abin da ya faru. Likitar ta dafe goshi ta ce a jefar, a sayo sabuwa, a faro lissafi daga ɗaya, kuma sai an sake gwaji kafin ta sa ranar aiki. Ta ce in turo Iya ma a duba ta. Na je har shago na ba Iya haƙuri, na raka ta da kaina. Sati biyu suka zama biyar. A cikinsu yanar ta ƙara kauri, Mama ta daina gane mutum sai da murya, ta daina tambayar faifan acca. Sabuwar kwalbar a jakata take kwana, da ita nake zuwa makaranta. Ba mu sake tayar da maganar ranar nan ba. Na ba ta haƙuri sau ɗaya ina goge mata ido, ta ce, "Ruwan ya yi zafi," shi ke nan.

Gwaji na biyu ya fito da sauƙi. Likitar ta ce ba za ta ce babu haɗari ba, amma yanzu za ta iya shiga. Aka yi aikin wata safiyar Talata, bai kai awa ɗaya ba. Aka fito da ita da bandeji, aka ce kwana ukun farko su ne abin tsoro: in ta ji ciwo mai tsanani ko idon ya kumbura, mu taho a guje ko da wane lokaci ne. Da aka buɗe washegari ta ce hazo kawai take gani da hasken taga. Likitar ta ce haka ne, a ba shi lokaci. Na yi kwana ukun nan ina leƙa fuskarta kamar mai jiran tukunya ta tafasa, ko motsi ta yi sai in ce, "Ciwo?" Ta ce, "Ke dai kin cika tambaya."

Rana ta biyar da hantsi, ruwa ya ɗauke, rana ta ɗan fito. Na wanke hannu, na zaunar da ita a bakin gado kusa da taga, na zagaya ta bayanta kamar kullum, na riƙe haɓarta.

"Mama, kalli ƙusan."

Ta ɗaga kai. Ta ce, "Ga shi can. Ashe ya yi tsatsa."

Kafin in ce wani abu sai na ga ƙwayar idon ta sauko daga silin, a hankali, ta tsaya a kaina. Ba ta kauce ba. Ta kalli goshina, ta kalli furfurar da ta leƙo daga ɗankwalina, ta dawo kan idanuna ta daɗe. Ni ce ma na rasa inda zan sa nawa.

"Idonki ya yi ja," ta ce.

Hannunta ya tafi aljihun rigar sanyi da kansa, ya laluba, bai sami komai ba. Ya ɗan tsaya a ciki. Sannan ta zaro shi, ta jawo filo ta ajiye a gefenta, ta daddaɓa shi sau biyu.

"Ɗiga mini nawa, ki zo ki kwanta nan ki rufe su. Ba ni da wani maganin kuma."

Na ɗiga mata, digo ɗaya, bai zube ba. Na rufe kwalbar na sa a jaka, na kwanta inda ta nuna. Tafinta ya sauka a goshina, da sanyinsa, yana ƙanshin sabulu, bai kuma ɗaga ba har barci ya ɗauke ni.